Kwamfutocin Namtari da Filashin Ƙungiya

Zuwa ga
Mai girma Shugaban Ƙungiyar masu sayarwa da gyaran kwamfuta ta layinmu,
Alhaji Hamma Buba,
Jimeta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙani ga yayansa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran manyanmu na kwamiti. Ya zafi? Na san ofishinka akwai fanka har biyu, don haka tambayar ta ladabi ce kawai. Mu da aka fitar daga ƙarƙashin rumfa mu muka san amsarta.

Ni ne Sabo, mai teburin bakin matakala, wanda yanzu aka lulluɓe da tamfol aka ɗaure da jan kirtani kamar kayan da kwastan suka kama. Na rubuto a fili, na liƙa kwafi a allon sanarwa, na kuma tura a zauren waya na 'yan layi, saboda na nemi ganinka a asirce ban samu ba. Na zo ofis, sakatare ya ce ka tafi gaisuwa Yola Gari. Na dawo, ya ce ka haye Girei. Zuwan ƙarshe takalmanka na bakin ƙofa, hularka na kan tebur, amma ya ce ka fita. Ban yi musu ba. Babban mutum yana iya fita ba takalmi in ya ga dama.

Ranar Asabar kwamiti zai zauna ya yanke hukunci: a mayar mini da teburina, ko a bai wa wani. Na ga ɗan ƙanwar ma'aji, mai sayar da rigar waya, yana zagaya shi yana auna shi da ido tun kafin a zauna. Hamma, kai ka san teburin nan. Ba katakon nake ji ba, wurin nake ji. Duk ɗalibin da ya sauko daga keke da laftof a jaka, ni yake fara gani. A kansa na yi aure, a kansa nake biyan makarantar yara. In aka mayar da ni bayan layi kusa da ɗakin janareto, ko ni kaina ba zan iya samo kaina ba, balle mai ciniki. Don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, ko da a tsaye.

Tunda ba 'yan sana'a kaɗai za su karanta ba, bari in yi bayanin abu biyu. Linux tsari ne da kwamfuta ke tafiya a kansa, kamar wancan tsarin na kuɗi da kowa ya saba da shi, sai dai shi kyauta ne, kuma a buɗe yake, kowa na iya duba cikinsa ya gyara. Direba kuwa, a bakinmu, ƙaramar manhaja ce da ke yi wa tsari tafinta da ƙarfe. In babu ita, kwamfuta ba ta san yadda za ta yi magana da allonta ko lasifikarta ko firinta ba. A kan waɗannan biyu aka rufe mini hanyar abinci.

Na farko: abin da na aikata.

Farkon daminar nan Madam Rifkatu, shugabar wata ƙaramar makaranta a Namtari, ta kawo mini kwamfutoci a bayan akori-kura, an naɗe su da tsofaffin zannuwa saboda ramukan hanya. Wani ofishi ne ya gaji da su ya ba makarantar sadaka. Yaranta manoma ne 'ya'yan manoma, kuma jarrabawar shiga jami'a yanzu a kan kwamfuta ake rubuta ta. Akwai yaron da bai taɓa riƙe maus ba sai ranar jarrabawa, ya ɗaga shi sama yana nuna allo da shi kamar rimot. Abin da take so ta kauce wa ke nan.

Na gwada ɗora musu sabon tsarin kuɗi, ya kalle su ya ce sun tsufa, ba zai zauna a kansu ba. Na gwada tsohon, ya zauna, amma kafin ya buɗe mutum zai iya sauka Binuwai ya sayo kifi ya dawo. Na faɗa wa Madam gaskiya, na ce akwai wani tsarin, amma ƙungiyarmu ba ta son jin sunansa. Ta ce: "Malam Sabo, ni ban san sunansa ba, ba na kuma nema. In yaro ya danna ya ga abu, shi ke nan."

Na ɗora Linux. Allo ya fito tas, daidai faɗinsa. Sauti ya fito. Waifai ya kama. Tsohuwar firintar da suka haɗo da ita, wadda kamfaninta da kansa ya manta ya taɓa ƙera ta, na soka waya ta yi tari ta fara aiki. Ban nemo direba ko ɗaya ba, duk suna cikin tsarin tun daga gida. Laifina ke nan, Hamma, ban rage komai ba.

Na biyu: gwajin da aka yi.

Dokarmu ta ce duk na'urar da za ta bar layi sai kwamitin gwaji ya duba ya manna sitika. Doka ce mai kyau, ni ma na ɗaga hannu ranar da aka kafa ta, don ta kore mana masu sayar da gawa da sunan tokumbo, wato kayan hannu na waje. Yadda ake gwajin kuwa kowa ya sani: shugaban kwamitin gwaji, Injiniya Dauda, zai ciro filashin ƙungiya, ɗan ma'ajin fayil da ke rataye a wuyansa da koriyar igiya, ya soka, ya ɗora direbobi. In na'ura ta karɓa, ta ci. In ta ƙi, ta faɗi.

Injiniya ya zo teburina da rana tsaka, mutane na gani. Na kunna masa bidiyo, ya kalla. Na buɗe masa intanet, ya duba sakamakon ƙwallo, har ya yi tsaki don ƙungiyarsa ta sha kashi. Na buga masa takarda a firinta, ya karɓa ya yi fifita da ita. Sannan ya sunkuyar da kai, don igiyar gajeriya ce kuma ba ya cire ta ko a masallaci, ya soka filashi. Ya danna, fayil bai buɗe ba. Ba zai buɗe ba, don direbobin cikinsa na wancan tsarin ne. Ya danna ya danna har gumi ya ɗiga a kan kibod. Ya ɗago ya ce: "Ba ta karɓi direba ba."

Na ce: "Injiniya, ai ba ta bukata. Nata na cikinta."

Ya ce: "Doka ba ta ce ta bukata ko kar ta bukata ba. Doka ta ce ta karɓa."

Maƙwabcina Oga Emeka, mai caja da batir, ya leƙo ya ce: "Engineer, but e dey work na," wato ai tana aiki. Injiniya ya amsa masa da cewa aiki daban, doka daban.

Abin da zan tuna har kabari shi ne wannan. Kwamfutar na nan tana kiɗa, har mai kunun gyaɗa da ke wucewa tana kaɗa kai, sai Injiniya ya ce in rage ƙarar don ya samu natsuwar rubutu. Na rage. Ya rubuta cewa na'urar ba ta da sauti, tunda ba a ɗora mata direban sauti ba. Ya rubuta cewa ba ta da hoto, yana karanta lambarta daga allon da ya ce babu. Ya juya takardar da firintar ta buga, a bayanta ya rubuta cewa firinta ba ta aiki.

Hamma, wannan kamar a kai lafiyayyen mutum asibiti ne, a miƙa masa ƙwaya ya ce lafiyarsa ƙalau, sai a rubuta cewa ciwonsa ya yi tsanani har ba ya iya shan magani.

Aka hana ni sitika. Makaranta na jira, zangon karatu na tafiya, ni kuma na sallami kayan ba sitika, da rana, a idon kowa. Washegari na tarar da tamfol. Laifi biyu aka lissafa mini: ɗora haramtaccen tsari, da sakin kaya ba izini.

Na uku: inda dokar ta samo asali.

Yaran da suka shigo layi daga baya suna zaton haramcin Linux daga Abuja ya zo, ko daga wani littafin injiniyoyi. Ni ina wurin da aka haife shi, ni na riƙe waya.

Kai ne mutum na farko da ya kawo faifan Linux layin nan. Ka manta, ni ban manta ba. Lokacin ba ka yi tumbi ba, ba ka je Makka ba, kana yawo da faifai a aljihun gaba kana yi mana wa'azi cewa wannan shi ne 'yancin talaka. Har ka sa ni na haddace umarni da Turanci kamar mai tilawa.

Sai aka ba ka aikin nuna hotuna a bikin bankwana da wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya, a wani ɗakin taro a Yola Gari. Ka ɗauki sabuwar laftof ɗinka mai Linux, ka ɗauki majigi, ka ɗauke ni in riƙe maka waya. Ɗaki ya cika, manyan riguna a gaba, mata da gwaggwaro a baya. Mai gabatarwa ya ce yanzu za a ga rayuwar mai girma a bango. Na soka waya. Bango ya tsaya bango. Ka danna, ya zama kore. Ka sake danna, rabin fuskar mai ritaya ta fito a miƙe kamar an ja ƙullin alkaki, sannan komai ya yi baƙi. Ka buɗe baƙin allon nan na umarni kana rubutu, mai gabatarwa na ta cewa injiniya na zuwa da shi. Can wata Goggo daga baya ta ɗaga murya: "Ɗana, in ba zai fito ba a raba shinkafa."

Dariyar da aka yi ta kai titi. Kai kuma ka ɗaga hannu ka sharara wa majigin mari, har murfinsa ya tsage ta gefen hagu. Muka dawo Jimeta a mota. Ka zuba laftof da majigi a kwali ɗaya, ka ɗaure, ka jefa a sito, ka rantse ba za ka ƙara kallonsu ba. Da ka zama shugaba, rantsuwarka ta zama dokarmu.

Ban faɗi wannan don in tozarta ka ba. Ranar nan kana da gaskiya. Laftof ɗin katin hoto biyu gare ta, wato ƙarfen da ke fitar da hoto a allo, kuma ramin da ake soka majigi a jikin na biyun yake, wanda kamfaninsa ya ɓoye sirrin yadda ake magana da shi kamar mai maganin gargajiya. Linux na wancan zamani bai san hanyar ramin ba. Ba laifinka ba ne, ba laifin majigi ba ne, ko da yake shi ya sha mari. Kunya ce ta gaske, kuma duk wanda ya sha irinta yana da haƙƙin yin fushi. Abin da ba shi da haƙƙi a kai shi ne ya mayar da fushinsa tsarin mulki, ya sa jikokin sana'a su gaje shi.

Na huɗu: abin da ya faru a duniya tun daga ranar shinkafa.

Hamma, yayin da kake fushi, wasu suna aiki. Mutane ne a ƙasashe daban-daban, wasu malaman jami'a, wasu ɗalibai, wasu ma'aikata da suke yi bayan sun tashi daga ofis. Inda kamfani ya ƙi bayani, suka zauna suna aika wa ƙarfe saƙo suna sauraron abin da zai amsa, kamar yadda baƙo ke koyon Fulatanci a kasuwar Yola, yau kalma ɗaya, gobe biyu, har suka iya hira da shi. Abin da suka gano suka rubuta a fili, wani ya gyara, wani ya ƙara.

Da tafiya ta yi tafiya, wasu manyan kamfanonin da ke ƙera katin hoto suka ga wahalar ɓoyo ta fi ribarsa. Yanzu su da kansu suke biyan ma'aikata su rubuta direba a buɗe, su sa shi cikin Linux, wani lokaci tun kafin kayan su iso kasuwa. Har shi kamfani mai taurin kan, wanda ya kunyata ka, ya fara buɗe ƙofa, ko da yake da ƙafa ɗaya ya tokare ta. Firinta da yawa yanzu ba sa neman komai, ka haɗa su kawai. Ɗaliban Girei da ke zuwa teburina suna buga wasannin da aka yi wa wancan tsarin a kan Linux, motoci na gudu sumul. Da can sai ka kwana kana lallashin allo ya daidaita, yanzu kafin ka gama bismillah ya daidaita kansa.

Mu kuwa a layinmu agogo ya tsaya a ranar da Goggo ta yi magana. Duniya ta raba shinkafa, ta ci, ta wanke hannu, ta tafi. Mu muna nan muna kallon bango.

Na biyar: filashin nan mai albarka.

Ba zan bar maganar nan ba tare da na gaida filashin ƙungiya ba. Ya yi mana aiki a zamaninsa, lokacin da data ke da tsada kuma intanet ke tafiya kamar jakin da ya ƙoshi. Amma tun yaushe rabon da a sabunta abin da ke ciki? Filashin nan ya shiga kowace kwamfuta daga Jimeta har Namtari, ya fita, ba wanka. Askar wanzami ɗaya ce ake yi wa gari duka aski da ita. Rabin ƙwayoyin cutar da muke cire wa mutane a layin nan, in ka bi sawunsu, a wuyan Injiniya za ka tsaya. Mu manna sitika da safe, mai kaya ya dawo da yamma yana kukan fayilolinsa sun ɓace, mu karɓi na gyara. Ban ce da gangan ake yi ba. Na dai lura ba wanda ya taɓa kawo ƙorafi a taro.

Sannan tsarin kuɗin da muke ɗora wa mutane, mu faɗa wa juna gaskiya tunda mu kaɗai ne, da duk wanda ya karanta allon sanarwa: lasisinsa Allah kaɗai ya san inda aka samo. Duk na'urar da ta ci gwajinmu tana fita da ɗan rubutu a kusurwar allo tana roƙon a biya mai ita. Wannan ita ce halal a dokarmu. Wanda masu shi suka ce ɗauka kyauta, raba wa wanda kake so, shi ne haram. Na je makaranta daidai gwargwado, amma wannan fikihun ya fi ƙarfina.

Na shida: don kar a ce Sabo ɗan talla ne.

Ni ɗan kasuwa ne, ba mai wa'azi ba, wa'azin kai ka yi shi a zamaninka. Linux bai zama aljanna ba. Har yanzu akwai katin waifai mai arha da sai ka yi masa dabara. Akwai abin karanta zanen yatsa da ke zaune a jikin laftof kamar ado. Akwai na'urar da in ta yi barci, tashinta sai an yi addu'a. Akwai manhajar ofis da ta zane-zane da ba sa hawa kansa, kuma duk wanda aikinsa ya dogara da su, ni da bakina nake ce masa ya tsaya inda yake. Wanda ya zo da sabuwar na'ura da lasisinsa na gaskiya, ba na taɓa masa komai. Abin da na ƙi shi ne a ce tsohuwar kwamfuta mai sauran numfashi ta tafi bola, yaran Namtari su ci gaba da nuna allo da maus, don kawai wata Goggo ta ji yunwa a wani biki.

Saboda haka ga roƙona, cikin ladabi.

Ina roƙon a cire tamfol daga teburina kafin zaman Asabar, don ba a yanka rago sannan a zauna shawarar ko za a saya. Ina roƙon a gyara dokar gwaji ta koma abin da aka kafa ta dominsa: a kunna na'ura, in ta nuna hoto, ta yi sauti, ta kama intanet, ta buga takarda, a manna mata sitika, ko da wane tsari ne a cikinta. Ina roƙon a ba filashin ƙungiya hutu, a wanke shi, ko a rataye shi a ofis a matsayin kayan tarihi, wuyan Injiniya ma ya sha iska. Ina kuma roƙon a faɗa wa ɗan ƙanwar ma'aji ya daina jingina da teburina, ƙafar teburin ɗaya na rawa, ni kaɗai na san yadda ake tokare ta.

Roƙo na ƙarshe shi ne babba, kuma da shi nake sa teburin nawa a faifai.

Ka tuna da rani da ya wuce, da aka share siton ƙungiya aka kira mai jari bola ya kwashe tarkace? Ina tsaye ya fito da wani kwali da aka ɗaure da wayar wuta. Na gane ɗaurin, don ni na riƙe maka bakin wayar ranar da ka ɗaure shi. Na bi mutumin har bakin titi na saye shi a kilo. A ciki akwai laftof ɗin, akwai majigin, da tsagarsa a gefen hagu, daidai faɗin tafin hannunka.

Na kakkaɓe ƙura, na kori kyankyasai, na sa sabon batir da ɗan man fanka. Ban canja katin hoto ba, ban canja ramin ba, ban canja ko wayar ba. Ƙarfen nan shi ne na ranar. Abu ɗaya na sabunta: na ɗora Linux na yanzu. Na soka waya, na juya majigin ga bangon ɗakina, ina shirin jin kunya a madadinka karo na biyu. Hoto ya fito. Cikakke, a tsaye, ba kore, ba miƙewa. Hotunan mai ritaya ma suna nan a ciki, na kwafe su kafin in goge. Ga shi yana saurayi da gashi, ga shi yana karɓar kyauta, ga shi yana yanka kek. Hamma, mutumin kyakkyawa ne, ashe. Ni kaɗai na kalli bikin nan har ƙarshe.

Da na sallami kayan Madam Rifkatu, na haɗa mata da su biyun kyauta. Yau a Namtari, a ajin da tagarsa ba ta da gilashi, da laftof ɗinka da majiginka ake haska wa yara darasi a bango idan an tada janareto. Madam ta ce yaran suna tambaya wa ya fasa masa gefe. Ta ce musu faɗuwa ya yi. Ni ban gyara mata ba.

To ga sharaɗina. Kafin kwamiti ya zauna, ka ɗauki Injiniya da sakatare da ma'aji, ka ɗauki duk wanda ka ga dama, mu tafi Namtari. Kuɗin mota a kaina. Ba zan taɓa komai ba, zan tsaya a bakin ƙofa hannuna a baya. Kai za ka soka wayar da hannunka. In bango ya tsaya baƙi, ko ya yi kore, na yafe teburin, zan taya ɗan ƙanwar ma'aji jera rigunan wayarsa, in koma kusa da janareto ba tare da na ƙara cewa komai ba. In kuwa hoto ya fito, ka kwance jan kirtanin da hannun da ya ɗaure kwalin.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Ba kowa ke iya komawa ya tsaya gaban abin da ya kunyata shi ba. Amma mutumin da na sani da faifai a aljihun gaba zai iya. Shi ya ce mana wata rana abin nan zai yi aiki a kan kowane ƙarfe, muka yi masa dariya. Ya yi gaskiya, Hamma. Abin takaici kawai shi ne duk layin nan shi kaɗai ne bai samu labari ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan kanka ne. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya sauƙaƙa wa wuyan Injiniya, ya ba yaran Namtari sa'ar jarrabawa. Allah ya jiƙan Goggon nan in ta riga mu, in tana raye ya ƙara mata ci. Na riga na gaya wa Madam ta sa a dafa shinkafa, amma wannan karon sai an ga hoto za a raba.

Wassalam.

Naka ƙaninka a sana'a,
Sabo, mai teburin bakin matakala,
wanda a yanzu ake samu a tsaye kusa da shi.